Wai da gaske ne barci yana wanke ƙwaƙwalwa? Da batun kumburin ƙafata da gigin tsufan Baba

Tela Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya daɗe yana cina a rai.

Ni tela ne a cikin birnin Katsina, shagona na wajen Ƙofar Marusa. Shekarata 41, kuma 22 daga ciki a kan keke na yi su. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda goman ƙarshe na azumi take. Bana, tun daga daren 18 har jajibirin Sallah, ban yi barcin da ya wuce awa biyu zuwa uku a yini ba. In an idar da tarawi sai mu dawo shago ni da yarana huɗu, a tada janareta, mai shayi ya aiko da mai kauri an zuba Nescafe, goro na baki, sai lokacin sahur ya tashe mu.

Ana saura kwana huɗu Sallah na shimfiɗa shaddar wani Alhaji da nake wa ɗinki shekara 11. Awonsa na riƙe shi a ka kamar sunana. Na ɗora tef, na ja alli, na sa almakashi. Sai da na gama yanka jikin rigar na ɗaga ta, sannan na ga da awon ɗansa na yi. Littafin awo a buɗe yake a gabana, idona ya ga lambobin, amma ba su shiga ba. Na daɗe tsaye da almakashi a hannu, kaina ya yi nauyi kamar an ɗura masa jiƙaƙƙen yashi. Na biya shaddar. Mutumin kirki ne, ko murya bai ɗaga ba, amma ni abin bai bar ni ba, don tunda nake ban taɓa irin wannan kuskure ba.

Sai batun ƙafa. Shekara uku ke nan da na ajiye tsohuwar Butterfly ɗina ta taka ƙafa, na sayi keke mai aiki da wuta. Aiki ya yi sauri, alhamdulillahi. To amma tun daga lokacin, in yamma ta yi ƙafafuna biyu sai su cika, takalmi sau-ciki ya ƙi shiga. In na danna ɗan yatsa a ƙwauri sai ya bar rami, ya ɗan jima kafin ya ciko. Da safe kuma in tashi garau. A cikin azumin nan kuma allura ta soke ni a yatsa, wurin ya tara mugunya, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito mini a hammata kamar ƙwayar gurjiya, mai zafi in an taɓa.

Abin da ya fi damuna dai mahaifina ne. Baba direban babbar mota ne, ya fi shekara 30 yana Katsina zuwa Legas, kuma da dare ya fi tuƙi saboda zafin rana. Yanzu shekarunsa 78, gigin tsufa ya kama shi. Yana tambayar ina Inna ta tafi, alhali shekararta shida da rasuwa. Yana kirana da sunan ƙanensa. Makon jiya ya fita bayan la'asar ba wanda ya gani, sai wani maƙwabcinmu ya tsince shi wajen Ƙofar Sauri, wai yana neman inda ya aje mota za a yi masa lodi.

Na ji wani likita a rediyo yana cewa ƙwaƙwalwa tana wanke kanta ne in mutum yana barci, kuma akwai wasu hanyoyin ruwa a jiki daban da na jini masu kwashe datti. Tun ranar nake lissafi. Shin rashin barcin Baba ne ya kai shi ga haka? Ni ma hanyar da na ɗauko ke nan? Kumburin ƙafar da kaluluwar duk abu ɗaya ne? Sannan akwai wani mai mota da lasifika da ke zagayawa kasuwa da shayin da ya ce yana wanke jijiyoyi da kaluluwa har da ƙwaƙwalwa. Na yi niyyar saya wa Baba, sai na ce bari in fara tambaya. Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani yadda zan gane.

Malamin Bayoloji, Daura ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah shi ba Baba lafiya, shi saka maka da alheri kan kula da shi. Ni zan ɗauki ɓangaren jiki, don shi nake koyarwa a sakandare shekara da shekaru. Na ƙwaƙwalwa in bar wa ma'aikatan asibiti da ke cikinmu.

Likitan nan gaskiya ya faɗa. Jini ba ya zuba kai tsaye a kan tsoka. Yana tafe ne cikin jijiyoyi, su yi ta rarrabuwa har su koma siraran da suka fi gashin kai sirantaka. A nan ne ruwan jinin ke tsattsafowa ta bangonsu, ya kai wa ƙwayoyin halitta abinci da iska. A lissafin da ke littattafan makaranta, abin da ke tsattsafowa a yini ya kai lita 20, wato jarka guda ta 'yan garuwa. Mafi yawansa yana komawa jini, amma kusan lita 3 kan rage a tsakanin nama, kamar ledar fiya wata shida. A cikin ragowar nan akwai furotin da ya yi girman da ba zai iya komawa ta inda ya fito ba, da matattun ƙwayoyin halitta, da duk ƙwayar cutar da ta samu shiga ta ciwo. Da za a bar shi nan, kwana kaɗan mutum zai kumbura ya lalace.

To akwai wasu hanyoyi na daban da aikinsu ke nan, su tsotse wannan ragowar. Ruwan da ke cikinsu ana ce masa limf, ni a aji nakan ce wa yara ruwan kaluluwa, kuma nan da nan suke kamawa. Ka san ruwan da ke fita in bororo ya fashe, fari-fari mai ɗan rawaya? Danginsa ne. Hanyoyin suna farawa ƙanana a fata da tsoka da hanji, su haɗu su yi kauri, daga ƙarshe babbar cikinsu ta hau ta cikin ƙirji ta juye a jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Ita kaɗai take kwashe na ƙafafu biyu da ciki da ɓarin hagu na sama. Na hannun dama da ɓarin dama na kai da ƙirji suna da tasu ƙarama.

Ga abin da masu tallan shayi ba sa faɗa: waɗannan hanyoyi ba su da ƙofar fita waje. Jini suke mayar wa da abin da suka kwaso, sannan hanta ta sarrafa, ƙoda ta tace ta fitar a fitsari, wani ya bi ta matsarmama zuwa hanji. Su masu kwasowa ne, masu zubarwa daban.

Kaluluwa kuwa shingen bincike ce a kan hanyar. Kowa na da su, wajen 500 zuwa 600, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ciki da ƙirji, ba sai an yi ciwo suke samuwa ba. In Babbar Sallah ta zo, ka tsaya kusa da mai fiɗar ragonka, ka duba kitsen da ke riƙe da hanji, za ka ga wasu 'yan ƙulluttai masu ruwan toka. Su ne. Cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Da allura ta soke ka ƙwayoyin cuta suka shiga, ruwan yatsan ya kwashe su ya haura da su ta hannu, shingen farko da ya tarar shi ne na hammata. Aka tare su, sojojin suka ninku, wurin ya kumbura ya yi zafi. Kaluluwarka aikinta ta yi.

Yanzu ƙafarka, kuma a nan labarinka ya ba ni misalin da ban taɓa samu ba a aji. Jini yana da zuciya mai tura shi. Limf ba shi da zuciya. Jikin hanyoyin yana ɗan matsewa da kansa, amma babban mai taimaka musu shi ne motsin tsoka da numfashi. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya, irin na famfon tuƙa-tuƙa: in tsoka ta matse ruwa ya haura, in ta saki ƙofa ta rufe ba zai dawo ba. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya ma haka suke. Shekara 19 kana taka Butterfly, sha-raɓarka tana matsewa tana saki dubban sau a yini, kana ɗinki kana tuƙa famfon ƙafarka ba tare da ka lura ba. Da ka koma keken wuta sai ƙafa ta zauna a rataye wuri ɗaya daga safe har dare. In ka kwanta ƙafa ta daidaita da zuciya sai ruwan ya samu hanya, shi ya sa kake tashi garau.

Wani abin sha'awa, a kare aka fara ganin waɗannan hanyoyi da kyau. A 1622 wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga wasu fararen zare-zare a jikin hanji, ya yanka ɗaya sai wani ruwa kamar madara ya fito. Maiƙon abinci ne, don kitsen da muke ci ta nan yake bi kafin ya shiga jini. Babbar hanyar ƙirji kuwa Jean Pecquet na Faransa ya bayyana ta a 1651.

Nas mai aikin dare ta rubuta:

Yaya tela, sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da jiki, bari in ɗora daga nan. Ni ma dare nake kwana a tsaye, mako guda cikin kowane uku, saboda haka tambayarka tawa ce, na daɗe ina bin labarin.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Inda ake girki da yawa dole toka ta taru. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne ba a ga hanyoyin limf a cikin naman ƙwaƙwalwa ba. To ina tokar ke zuwa?

Akwai wani ruwa da ƙwaƙwalwa da laka ke iyo a cikinsa. Na sha riƙe yaro a lokacin zafi, in ana zargin sanƙarau, likita ya sa allura a gadon baya ya ɗebo shi. Na mai lafiya garai-garai yake ɗiga kamar ruwan sama. In sanƙarau ne sai ka gan shi ya yi duhu-duhu kamar ruwan wankin shinkafa. Abin da ke jikin babban mutum a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, amma a yini ana ƙera kusan 500, ledar fiya wata guda. Ka ga ke nan ana sabunta shi sau uku ko fiye kullum.

A 2012 wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Maiken Nedergaard, da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka zuba launi a wannan ruwa a ɓeraye suka bi shi da kallo. Sai suka ga yana shiga can cikin ƙwaƙwalwa ta gefen jijiyoyin jini, kamar yadda kwata ke bin gefen titi, bugun jijiyar yana tura shi, ya ratsa tsakanin ƙwayoyin ya kwaso datti ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini. Suka sa wa tsarin suna gilimfatik. A 2013 suka ƙara nuna cewa in ɓeran yana barci, filin da ke tsakanin ƙwayoyin yakan buɗe da kusan kashi 60 cikin 100, kuma wani furotin da ake kira amiloid, wanda ke taruwa ya dunƙule a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, yana fita da saurin da ya ninka na farke. Sai a 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jami'ar Bajiniya ƙarƙashin Jonathan Kipnis, ɗaya a Helsinki ƙarƙashin Kari Alitalo, suka gano ainihin hanyoyin limf a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa daga cikin ƙoƙon kai. Su ne ke karɓar ruwan su gangara da shi zuwa kaluluwar wuya. Nan labarin ya haɗe da na Malam.

A mutane ma an gani. A 2019 Laura Lewis da mutanenta a Boston suka sa mutane barci cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, suka ga in barci ya yi nauyi ruwan nan yana shigowa kai igiya-igiya, kusan duk daƙiƙa 20. Sai dai kuma a 2024 wasu masana a Landan, ƙarƙashin Nicholas Franks, sun auna ta wata hanya a ɓeraye suka ce su raguwar wankin suka gani lokacin barci. Har yanzu ɓangarorin biyu na jayayya a kan yadda ya kamata a auna. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne illar rashin barcin. Kuskuren shaddar nan, kowace nas ta san shi: ƙarfe huɗu na asuba ido na karanta lamba kai bai karɓa ba, shi ya sa magani mai haɗari mutum biyu ke dubawa kafin a ba mara lafiya. Kuma wani bincike da ya bi ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 na tsawon shekara 25, wanda aka fitar a 2021, ya samu cewa waɗanda suka dawwama a kan barcin awa shida ko ƙasa tun suna 'yan shekara 50 sun fi sauran kamuwa da gigin tsufa da kusan kashi 30 cikin 100. Babban mutum awa bakwai ko sama yake buƙata.

Amma Yaya, don Allah kada ka ɗora wa daren Baba laifin duka, kuma kada ka ɗauka an riga an rubuta maka irin nasa. Gigin tsufa ba hanya ɗaya yake zuwa ba. Shekaru ne kan gaba. Sai hawan jini da ciwon suga da aka daɗe ba a kula ba, suna toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma irin wannan muna ganinsa sosai a nan. Raunin ji ma yana taimakawa. Akwai kuma abubuwan da ke kama da gigi alhali suna da magani, irin ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon fitsari a tsoho, da baƙin cikin rashin abokiyar zama. Ka kai shi a duba shi. Da yawa ba a kawo su, a ce ai tsufa ne, wani lokaci ma a ce jifa ne.

Kai ma ka auna jininka, a duba fitsari. Kumburin ƙafa biyu da ke saɓewa da safe yawanci na zama ne, amma in ka ga fuska na kumbura da safe, ko fitsari na kumfa, ko numfashi na sarƙewa in ka kwanta, to zuciya ko ƙoda za a duba. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo a sha-raɓa, ranar za ka je asibiti, don yana iya zama gudan jini. Kaluluwa mai zafi da ta biyo ciwo takan saɓe cikin mako biyu zuwa huɗu. Wadda ake tsoro ita ce mai tauri marar zafi, ba ta motsi, tana ƙara girma, musamman da rama da zufar dare. Tarin fuka yakan kama kaluluwar wuya, ciwon daji ma haka.

Shayin nan kuwa kada ka ba Baba. Yawancin irinsu abin sa gudawa ne kamar filasko, ko abin sa fitsari. Mutum ya yi ta zarya bayan gida ya ɗauka datti ne ke fita, alhali ruwan jikinsa ne. Tsoho in ruwa ya ƙare masa ruɗewarsa ƙaruwa take, ƙoda kuma ta wahala.

Maman Khalifa, Mashi ta rubuta:

Malam tela Allah shi ƙara haƙuri. Bayanin Malam na Daura ya sa na gane ciwon gwaggona yau, bayan shekaru ina wanke mata ƙafa. Tundurmi gare ta a ƙafar dama. Tun muna yara ake cewa asiri ta taka a bakin rijiya, har wasu ba sa cin abinci kwano ɗaya da ita. Sai da ma'aikatan lafiya masu rabon magani gida-gida suka zo suka ce sauro ne ke kawo shi: yana sa wa mutum wata tsutsa siririya kamar zare, ta je ta zauna cikin waɗannan hanyoyin ruwa ta lalata su, ruwa ya rasa mafita. A maza har gwaiwa take sawa. Maganin da suke rabawa, Mectizan da albendazol, wanda ake auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi, yana kashe 'ya'yan tsutsar ya hana yaɗuwa, amma ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta lalace. Sun ce mana a jihohin Filato da Nasarawa da haka aka katse cutar.

Abin da ya canza mata rayuwa abu ne mai sauƙi. Kullum safe da yamma a wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta, a bi kowane lungu na fatar, a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai laushi har ya bushe, ta sa takalmi ko tsakar gida za ta, in za ta kwanta a ɗora ƙafar kan matashi, in tana zaune ta riƙa juya idon sawu. Da, kusan duk wata sai zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙafar ta yi ja ta yi zafi ta ƙara girma. Yanzu takan daɗe bai zo ba. Duk mai irin wannan a gida, ku riƙe su da kyau, ba a ɗauka ta cin abinci ko gaisawa.

Ɗan Wanzamai ya rubuta:

Ni gidanmu ƙaho muka gada, kuma mutane da yawa suna zuwa da nauyin kai su tafi sun ji sauƙi. Malama nas, me za ki ce in tela ya yi ƙaho a ƙeya da ƙafar? Da gaske nake tambaya, don ina so in san inda ya dace da inda bai dace ba.

Nas mai aikin dare ta rubuta:

Baba wanzami na gode da ka tambaya haka. Abin da ƙaho ke jawowa jini ne na ƙananan jijiyoyin fata, ba ya isa ga ruwan da ke cikin ƙoƙon kai, saboda haka ba zai biya wa Yaya bashin barcinsa ba. Roƙona gare ka biyu ne. Kowane mutum da sabuwar rezarsa, saboda ciwon hanta da HIV. Sannan ƙafar da ta kumbura, musamman irin ta gwaggon Maman Khalifa ko ta mai suga, kada a tsaga ta ko kaɗan. Wurin da ruwa ba ya tafiya sojojin jiki ba sa isa da wuri, ƙaramin yanka sai ya zama babban gyambo. In irin su suka zo maka ka turo mana su, maganarka za su fi ji a kan tamu.

Tela Ƙofar Marusa ya rubuta:

Jama'a na dawo bayan mako uku, Allah shi saka wa kowa da alheri. Malam, Anti nas, Maman Khalifa, Baba wanzami, na karanta bayaninku ya fi sau biyar, har na karanta wa yarana a shago.

Da na karanta batun wankin dare, shagona na tuna. Muddin ana ɗinki ba a shara, ƙyallaye da zare suna zuba ƙarƙashin keke, mutane na shiga suna fita. Sai an rufe an ɗage kujeru sannan ƙaramin yarona ke sa tsintsiya. A goman ƙarshen nan da ba mu rufe ba, sai da tarkace ya kai mana idon sawu, almakashi ƙarami ya ɓace a ciki kwana uku muna nema.

Kaluluwar ta saɓe da kanta bayan yatsan ya warke. Na auna jini, ya ɗan hau, an ce in rage gishiri da dunƙulen miya in dawo bayan wata guda. Fitsari lafiya. Na sa an fito da Butterfly daga ɗakin ajiya, aka sa mata mai da sabon bel, yanzu kalmasa da ƙananan gyare-gyare a kanta nake yi, manyan ɗinki a ta wuta. Azahar da la'asar na koma masallacin da ya fi nisa don in taka. Nescafe da goro na tsayar da su daga la'asar. Takalmin yana shiga da yamma, sai ranar da na zauna da yawa. Na Babbar Sallah kuma na rubuta a allo na kafa a ƙofa: ranar 20 ga Zulƙida zan rufe karɓar ɗinki. Wasu sun ji haushi, mutum biyu sun kwashe yadinsu. Kuɗi ne zan rasa, na sani, kuma ina da iyali, abin bai zo mini da sauƙi ba.

Baba mun kai shi. Jininsa ya hau sosai, ashe ya daɗe a haka, an ɗora shi kan magani. Kunnensa na hagu kuma danƙo ya toshe shi, da aka wanke sai ga shi yana juyowa in an yi magana a bayansa. Likitan ta ce a daina barinsa yana wuni a ɗaki yana gyangyaɗi, a fito da shi ya ga hasken safe ya ɗan taka, don dare ya zame masa dare. Na ɗinka masa ƙaramin aljihu a cikin kowace riga, na sa takarda mai sunan unguwa da lambata.

Yanzu da safe tare muke tahowa shago, a hankali, yana riƙe da kafaɗata. Ina shimfiɗa masa darduma a bakin ƙofa inda rana ke sauka. Har yanzu yakan kira ni da sunan ƙanensa, ina amsawa. Jiya yana jin ƙarar Butterfly sai ya ce injin nan lafiyayye ne, sannan ya fara jero mini hanya: Funtuwa, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai Jebba sai ya tsaya ya dube ni, ya ce gadar tana nan kuwa? Na ce tana nan Baba. Ya ce to mu huta a nan, gobe ma ƙarasa.